Guntun Gatarinka: Riƙon Ƙaramar Mota a Cikin Badala

Da zarar an sallame sallar asuba a unguwarmu, nan bayan Kasuwar Kurmi, kowa sai ya kama gabansa. Wasu su koma su ɗan rintsa, wasu su nufi teburin mai shayi. Kawuna kuwa, ƙanin mahaifiyata da ya yi ritaya daga koyarwa, soro yake shiga ya ɗauko tsumma da bokiti da 'yar tocila, ya doshi gindin darbejiyar da motarsa take kwana. Toyota Starlet ce fara, irin guntayen nan da ba su da but a ware, sai ƙofa guda a baya da ake ɗagawa sama. Kamfanin ya daina ƙera irinta tun 1999, ita kuwa ta girmi wannan shekarar. Ta Kwatano aka shigo da ita cikin 'yan Beljiyam, bayan wani Bature ya more ƙuruciyarta. Sa'o'inta da yawa tuni aka farke su ana sayar da sassansu a Ƙofar Ruwa, ita kam kullum tana kan hanya, kuma murɗa makulli ɗaya take tashi. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin sa'a, har ranar da na zauna a kan dakali na zuba wa mutumin nan ido.

Farkon aikinsa ba ya ko taɓa motar. Durƙusawa yake yi ya haska ƙarƙashinta, domin a cewarsa ƙasar da mota ta kwana a kai ita ce katin asibitinta. Ɗigo baƙi mai kauri a saitin injin, baƙin mai ne yake yoyo. Danshi mai launin tsatsa ko kore can gaba, ruwan lagireto ne. Idan kuwa ya ga wani abu mai santsi a cikin jikin taya, to man birki ne, kuma ranar motar ba ta fita sai an gano inda yake tsiyaya. Daga nan sai ya zagaya tayoyin huɗu, yana bi da ido da yatsa, yana zaƙulo tsakuwa ko ƙusar da ta maƙale. Sau ɗaya a mako yakan tsaya wurin mai faci a auna masa iska, wajen talatin a geji, kuma da sassafe yake zuwa. Dalilinsa shi ne taya in ta yi tafiya ta ɗau zafi, iskar cikinta takan kumbura, sai gejin ya nuna fiye da abin da ke akwai. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana cinyewa ta gefe biyu, tana kuma sa mota shan mai. Wadda aka cika wa iska fiye da kima ta tsakiya take cinyewa. Safaya ma ba ya barin ta, don ya ce ranar da ka neme ta ba ranar yi mata faci ba ce.

Sai ya buɗe bonet. Akwai wani dogon tsinken ƙarfe da ke nutse cikin injin, shi ake auna baƙin mai da shi. Kawu yakan zaro shi ya goge tas da tsumma, ya mayar har ƙarshe, sannan ya sake zarowa ya karanta. Zarowar farko ba abin yarda ba ce, domin man da ya fantsama jiya yana jikin tsinken. A ƙarshensa akwai alamomi biyu, kuma dole man ya tsaya tsakaninsu. Bayan ya ga yawan man, sai ya murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu biyu ya ji santsinsa, ya duba launinsa. Ruwan zuma ko ɗan duhu, lafiya lau. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, alamar gaskit ya ƙone, wato shimfiɗar da ke raba hanyar ruwa da ta mai a kan injin.

Lagireto shi ne tukunyar ruwan da ke sanyaya injin, kuma da asuba kaɗai Kawu yake buɗe murfinsa, lokacin da komai ya huce. Wanda ya buɗe shi da zafi, tafasasshen ruwa ne zai yi masa tsartuwa a fuska. Ba ya zuba masa ruwan rijiya, saboda rijiyoyin cikin gari da yawa zartsi gare su, kuma gishirin yakan daskare ya toshe 'yan siraran bututun. Yakan matsa robobin ruwan ya ji ko sun yi laushi fiye da kima ko sun bushe sun fara tsagewa. Yakan danna fambel da babban yatsa: ya lotsa kaɗan, kamar kaurin yatsa ɗaya, kada ya saki kuma kada ya ɗaure tamau. Idan farin gari ya taru a kan batir, sai ya kwara masa ruwan zafi ya goge, ya shafa ɗan giris. Lokacin hunturu kuwa, sa'ad da hazo ya rufe Dala har ba a hango ta daga Goron Dutse, kusan kullum sai ya ciro filtar iska ya kakkaɓe, domin injin ma numfashi yake yi, kuma ƙurar da ta wuce filta ita ke cin cikinsa a hankali. Duka wannan aiki bai fi minti bakwai ba. Na auna da agogo.

In ya zo tayar da motar, ba ya kunna rediyo. Yakan murɗa makulli rabi ya ga jajayen fitilun gabansa sun kama, sannan ya yi kik. Wadda ya fi sa wa ido ita ce mai hoton butar mai, domin idan ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, mai bai hau kan injin ba, dole a kashe nan take. Ba ya taka totur da ƙarfi a wannan lokaci, saboda cikin dare man duk ya gangara ƙasa, ƙarafa suna buƙatar ɗan lokaci kafin ya iso gare su. Sai ya fito ya zagaya baya ya dubi hayaƙin salansa. Shuɗi, injin yana cin baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa, kafireto yana son gyara, wato wurin da ake gauraya mai da iska kafin su shiga wuta. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta ɗumama, ruwa ne yake ƙonewa.

Wata rana na tambaye shi, "Kawu, me kake saurare haka kamar mai jiran kiran sallah?"

Ya ce, "Ɗan nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mota ba ta faɗuwa sai ta yi ta kuka an ƙi ji."

Ya lissafa mini kukan ɗaya bayan ɗaya. Ƙara siririya da sassafe, fambel ne ya saki. Ƙas-ƙas-ƙas idan ka karya sitiyari gaba ɗaya, shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin gaba, kuma galibi robar da ke rufe gaɓarsa ce ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Da an ga robar tun da wuri, kuɗin roba kawai za a kashe. Gwaf-gwaf a kan rami, a duba shokazoba. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe idan an taka birki, takalmin birkin ya cinye.

To, sai fita, kuma a nan ne gwanintar take. Garin nan ba don mota aka tsara shi ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ginin ganuwa, a ƙarni na 15 kuma, zamanin Muhammadu Rumfa, aka kafa Kasuwar Kurmi. Lungunan da suka tsiro tsakaninsu daidai jaki da mangalarsa aka bar su, ko doki da mahayinsa. An faɗaɗa ƙofofin gari, an ratsa birni da kwalta, amma ka saki babban titi ka shiga Sharifai ko Ƙoƙi ko Alfindiki, za ka tarar da lungu yana nan yadda kakanni suka bar shi, ga dakali a ƙofar kowane soro, ga kwata tana bin gefe, wani wurin ma tsakiya. Faɗin motar Kawu bai wuce mita ɗaya da santimita sittin ba, kuma ya san wannan faɗin kamar yadda mutum ya san faɗin kafaɗarsa idan zai shiga ƙofa.

Kafin ya shiga lungu yakan sauke gilas, ya sa lamba ɗaya, ya bar motar ta riƙa tafiya da kanta ba tare da totur ba. Idan wurin ya matse sai ya naɗe madubin gefe. Ba ya kallon gaban bonet, can nesa yake kallo, ya zaɓi layin da kowace taya za ta taka tun kafin ya iso. Kwatar da ke tsakiya yakan sa ta tsakanin tayoyi. Tudun siminti da masu gida ke yi a bakin ƙofa, a karkace yake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada cikin motar ya gogi ƙasa ya fasa kaskon mai. Idonsa yana ƙasa-ƙasa: ƙwallo in ta gangaro, akwai yaro a bayanta. Akuya in ta tsallaka, ɗanta yana tafe. A kwanar da ba a ganin gaba, oda ɗaya yake dannawa, gajeriya, ta sanarwa. In ya iske dattawa a kan tabarma, sai ya rage tafiya har ƙura ba ta tashi, ya yi sallama ta taga.

Idan suka yi karo da ɗan garuwa yana turo kura cike da jarkoki, Kawu ne ke ja da baya, ba a ko tattaunawa. Ya ce mai kaya a hannu shi ke da hanya, don tsayar da kura mai ruwa a gangare ba wasa ba ne. Ya haddace duk inda lungu ya ɗan buɗe, bakin masallaci, ƙofar kango, gaban mai niƙa, saboda haka ya san tazarar da zai koma kafin ya rakuɓe. A wajen ribas kuwa guntuwar mota tana da wata baiwa: inda gilashin baya ya ƙare, nan motar ta ƙare. Abin da ka gani shi ne iyakarka, babu wani dogon but da za ka riƙa kintace.

A babban titi wani karatun ne. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, 'yan adaidaita sahu suka cika hanya, kuma wanda ya jira siginarsu zai sha mamaki. Kawu kan direban yake kallo, da kuma bakin titi. Da ya hango mace ta ɗaga hannu, ya san ɗan sahun da ke gabansa zai yanke ya tsaya, sai ya saki totur tun kafin abin ya faru. A gosulon Ƙofar Mata ko na Ƙofar Wambai, ba ya riƙe mota da rabin kuloci. Kuloci faifai ne da ke haɗa injin da giya, kuma duk lokacin da aka taka shi rabi, gogawa yake yi yana cinyewa. Saboda haka yakan mayar da giya firi, ya ɗauke ƙafa, ya jira tazara ta samu sannan ya matsa sau ɗaya. Wani ya faɗa cikin tazarar, ba ya ko ɗaga kai. Ya ce wanda ya riga ka da tsawon mota ɗaya, a danja ta gaba za ku haɗu.

Akwai kuma sanin lokutan gari, wanda babu taswirar da za ta koya maka. Ranar Juma'a da azahar ba a bin kewayen Masallacin Sarki. Kwanakin Sallah, ranar Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, titunan da dawaki za su bi mutum ya manta da su, ya ajiye mota ya taka da ƙafa. Asabar da Lahadi da safe, ɗaurin aure kan toshe lungu guda da rumfa da kujeru. Idan aka yi rasuwa, zaman makoki zai riƙe ƙofar gidan kwanaki, kuma mai mutunci ba ya ratsa tabarmar masu ta'aziyya da oda. Kawu yakan ji labarin duk waɗannan a masallaci, ya tsara hanyarsa tun kafin ya murɗa makulli.

Batun mai kuwa, shi ya fito da darajar motar fili. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Manyan motoci da yawa suka koma ado a ƙofar gida. Injin Kawu ƙarami ne, lita 1.3, silinda huɗu, kuma Kawun yana da wani littafi irin na 'yan makaranta a aljihun gaban motar. Duk sayen mai sai ya rubuta kwanan wata, da yawan lita, da lambar kilomita da mitar ke nunawa. Ƙarshen wata ya raba. Idan ya ga lita ɗaya ta daina kai shi inda ta saba, ya san wani abu ya taɓu, ko fulogi, ko filta, ko iskar taya, ko birki ne yake riƙewa, tun kafin motar ta nuna a jikinta. Yakan haɗa aike uku a fita ɗaya, domin injin mai sanyi ya fi shan mai. Yakan hau giya ta sama da wuri. Ba ya yawo da tarkace a baya. 'Yan bumburutu kuwa sai dole ta kama, kuma ko a nan sai ya ɗaga galan ya duba a rana, ya sansana, ya tace da ƙyalle mai tsabta.

A watan Agusta, idan sama ta sako ruwa kwatoci suka cika suka malalo, wajen Jakara ya zama kogi, Kawu yakan tsaya ya ga wani ya fara wucewa. Idan ruwan ya haura tsakiyar taya, juyawa yake yi, domin bakin da ƙaramar mota ke shaƙar iska ba shi da nisa da ƙasa, kuma injin da ya shaƙi ruwa sai dai a sauke shi. Idan bai kai ba, sai ya sa lamba ɗaya, ya riƙe totur daidai, ba gudu ba tsayawa, har ya fita. Yana fita kuma sai ya ɗan tattaka birki yana tafiya, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sai ya bushe.

Mutum zai raina cikin motar sai ya ga an kwantar da kujerar baya. Buhun shinkafa daga Singa, gero da dawa daga Dawanau, har ragon layya ta sha ɗaukowa. Kaya mai nauyi Kawu yakan tura shi can ciki, jikin kujerun gaba, don kada baya ya zauna gaba ya ɗaga, tunda tayoyin gaba ne ke ja kuma su ke juyawa. Amfaninta mafi girma da dare yake bayyana. Sau nawa aka buga masa ƙofa ƙarfe biyu, mace tana naƙuda ko tsoho ya jigata, ita kaɗai ce motar da za ta iya isa har bakin soron, ta ɗauka ta miƙa Asibitin Murtala. Shi ya sa ba ya kwana da tanki a bushe.

Bakanikensa ɗaya ne shekara da shekaru, kuma ba ya aika yaro da motar, domin zuwa da kai ya fi aike. Yakan zauna a kan benci ya kalli aikin, ya tambaya, a nuna masa abin da aka cire. Idan kaya ake nema, tare suke zuwa Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu, a gwada shi da wanda za a saya, rami da rami. Ya san inda Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu, ya kuma san abin da ba a saye na hannu ko kusa: takalmin birki, filta, da taimin bel, igiyar robar da ke daidaita motsin cikin injin, wadda idan ta tsinke mota take mutuwa nan take duk inda take. Ranar juyen mai tana rubuce a littafin, ba ya jira sai man ya koma kamar kwalta.

A bakin lungunmu akwai wata babbar mota da wani matashi ya saya shekaru kaɗan da suka wuce, ranar da ta zo har yara suka bi ta da gudu. Shi ba ya buɗe bonet, wai aikin kanikawa ne. Kiɗa kuma ba ya barin sa ya ji kukan komai. Yau tana kan duwatsu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Ba zan yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa aron ta Kawu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, na tafi ɗaurin aure ina ta hira da abokai, ban ko kalli allurar zafi ba sai da tururi ya turnuƙe gaban gilas. Wata 'yar roba ce ta huje. Da na dawo da ita a ja, kaina a sunkuye, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya tsare gaba. Gobe da asuba ka zo da tsummanka." Mako biyu na yi ina binsa, kuma duk abin da na rubuta a nan a wannan makarantar na koya.

Saboda haka, mai karatu, idan Allah ya hore maka 'yar ƙaramar mota, kada ka raina ta don ta maƙwabci ta fi ta tsawo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Nemi tsumma da tocila da littafi, gobe bayan sallar asuba ka durƙusa ka duba ƙasar da ta kwana a kai kafin ka murɗa makulli.